Na Auna Komai Ban da Hanya

Asabar, 3 ga Mayu

Yau na ga gidan da zan saya. Dillali ya kai mu can bayan gari inda ake sababbin gine-gine, ni da matata Malama da 'yarmu Auta. Ɗaki huɗu, falo biyu, tsakar gida kuwa sai ka juya mota ba ka yi ribas ba. Shekara goma sha shida ina durƙuso a gidajen mutane ina sa musu tayil, in tashi da ciwon gwiwa in koma gidan haya. Yau na tsaya a tsakiyar falo na ji kaina ya yi girma, bakina ya ƙi rufuwa.

Na ciro tef ɗin awo, Malama ta riƙe min bakinsa kamar yadda ta saba tun muna amare. Falo mita bakwai a biyar, kusurwa daidai, ba karkata. Na bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da makullin mota, ko guda bai yi ƙarar wofi ba. Wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Dillali ya ce tunda yake bai taɓa ganin mai sayen gida da kunne a ƙasa ba.

Malama ta ce yana da kyau. Da za mu tafi ta daɗe a bakin get tana duban hanya, hagu da dama, har sai da na danna mata hon.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na zana falon a bayan kwalin tayil, da inda kujeru za su zauna. Sau uku.

Laraba, 7 ga Mayu

Malama ta matsa sai mun ga wani gida da abokiyar aikinta ta ba ta labari. Na bi ta don a zauna lafiya. Bene ne a tsakiyar gari, hawa na biyu, ɗaki biyu da falon da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango. A ƙasa akwai mai burodi, da mai gyaran takalma, da kantin magani, ga bas na tsayawa yana tashi kamar ba ya gajiya. Wai kuma kuɗinsa ɗaya da na wancan. Ɗaya za mu iya saye, ba biyu ba.

Tayil ɗin kuwa, kar a tona. Na ƙwanƙwasa goma, bakwai babu siminti a ƙarƙashinsu sai iska. Layin ma ya tafi a karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Na faɗa wa Malama haka, ta ce kar in zagi 'yan ajinta, sun fi wannan iya layi.

Auta ta maƙale a baranda tana ƙirga bas. Da ƙyar muka ɓamɓaro ta.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun kai wa Yaya ziyara don in ji shawararsa, ko da yake na san abin da zai ce, shi ya sa ma na je. Shi ma bayan gari yake, a ƙaton gida. "Sayi fili, ƙanena. Mutum da iyalinsa ya je ya maƙale a sama kamar tantabara?" Na ji daɗi har da ƙara shayi.

A mota Malama ta ce ta tambayi matar Yaya yaushe rabonta da shiga gari. Wai ta yi dariya ta ce sai ranar da yayana ya huta, shi kuma ba ya hutawa. Na ƙara muryar rediyo.

Litinin, 12 ga Mayu

Ina neman biro a jakar Malama na ci karo da takarda. Wasiƙar ajiye aiki ce, da rubutunta mai kyan nan, ba ta sa kwanan wata ba, ba ta sa hannu ba. Shekara goma sha huɗu tana koyar da aji ɗaya a makarantar nan. Yaran da ta koya wa riƙe fensir wasu har sun fi ni tsawo, suna tare ta a hanya suna gaishe ta.

Na tambaye ta. Ko a jikinta, tana yanka albasa. "In ka ce can, can ne, Injiniya. Amma ka san ba tuƙi nake ba."

Wannan gaskiya ne. Sau ɗaya na gwada koya mata, tankin ruwan maƙwabcinmu ne ya ji a jikinsa, tun ranar ta rantse ita da sitiyari har abada. Motar ma ɗaya ce, kullum cike da buhun siminti da injin yanka tayil.

Injiniya take ce min in tana son tsokana. Yau ban ji tsokana a ciki ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na ce zan riƙa kai ta ina ɗauko ta. Ta ce yau aikina gabas, gobe yamma, jibi sai in kwana biyu a wani gari, wa zai faɗa wa yara arba'in su jira sai siminti ya bushe? Na ce ai dillali ya ce tashar bas na kusa, minti biyar.

"Minti biyar da ƙafa ko da mota?"

Kafin in buɗe baki ta ɗora:

"Kai da ba ka yarda da bakin kowa sai ka sa tef. Ɗakin ajiya ma sau biyu ka auna shi. Hanyar fa?"

Ta kama ni dumu-dumu. Ni ne nake wa magina faɗa kullum cewa ido ba ma'auni ba ne. Na ce to, Asabar, da babban tef mai mita hamsin. Na tabbata ba zai wuce ja goma ba, in ya yi yawa sha biyu.

Asabar, 17 ga Mayu

Wayyo ƙafata. Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun ajiye mota a ƙofar babban gidan da safe. Malama ta kama bakin tef ta yi gaba, in ya ƙare ta tsaya, in naɗe in iske ta, ta sake ja. Auta na biye da alli tana yin zane a kwali, ja ɗaya zane ɗaya. Har goma ina fito. A sha biyar na daina. A ashirin babu inuwa ko ta sandar lantarki, babu gefen da mai ƙafa zai bi, in tifa ta taho sai mu faɗa cikin ciyawa mu ba ta wuri. Katanga, get, katanga, get. Ko mai sayar da ashana babu.

Wajen ja na talatin wani mai mota ya tsaya ya sauke gilashi, wai kwalta za a faɗaɗa? Na ce a'a. Can gaba wata dattijuwa ta leƙo ta ƙaramar ƙofar get, ta ga tef, ta ga alli, ta fito har takalminta na cirewa.

"Sannunku da aiki! Bas za a kawo mana?"

Na ce a'a, Mama, gida muke son saye.

Murnarta ta koma ciki. Ta ce shekara biyu ke nan tun da ɗanta ya dawo da ita nan, gida kam ba laifi, har da lambu, amma ƙawayenta duk suna cikin gari, sai dai waya. Ta shiga ta kawo mana ruwan sanyi, ta riƙe hannun Malama tana ta hira kamar ta shekara ba ta ga mutum ba. Da za mu wuce ta ce in mun saya mu riƙa leƙo ta, don Allah. Malama ba ta dube ni ba. Da ta duba ma da ya fi min sauƙi.

Sittin da takwas. Auta ta ƙirga zanen sau biyu. Ja sittin da takwas kafin mu iso wata 'yar rumfa da aka kira tasha, sama da kilomita uku. Muka zube a benci. Mun yi kusan awa kafin bas ya ɓullo, direban kuma ya ce ba ya bi ta wajen makarantar, sai an canja.

Ina cikin naɗe tef da sauran girmana sai Auta ta ce, "Baba, motar fa?"

Motar tana can ƙofar gidan. Ja sittin da takwas a bayanmu.

Malama ta yi dariya har ta zame daga benci, tana riƙe ciki tana share hawaye da gefen mayafi, wai Injiniya ya auna zuwa bai auna dawowa ba. Na yi niyyar ɗaure fuska, abin ya ƙi, nima na fashe. Rabon da in ga ta yi irin wannan dariya tun kafin a fara maganar gida. Suka hau bas suna ɗaga min hannu ta taga, ni na juya na kama hanya, rana a tsakiyar ka.

Dattijuwar na nan a bakin get da na wuce. Ta sake ba ni ruwa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ƙafa cikin ruwan ɗumi. Ba wanda ya yi maganar gida. Auta na ta kirana Sittin-da-takwas, uwarta na yi kamar tana hana ta.

Talata, 20 ga Mayu

Na tashi aiki da wuri, na bi ta wajen benen nan. Ba don komai ba, hanya ce ta biyo. Tef na cikin mota, na ce bari dai in cika aiki, kar a ce na auna ɗaya na bar ɗaya. Ba mai riƙe min, sai mai gyaran takalma ya ajiye allurarsa ya kama bakin ba tare da ya tambayi dalili ba. Daga ƙofar bene zuwa tasha: ja biyu da mita goma sha ɗaya. Ina naɗewa bas biyu suka zo suka wuce. Na tambayi wani direba makarantar Malama, ya ce tasha huɗu, ba canji.

Mai burodi ya fito yana kakkaɓe fulawa, ya ce ai ya gane ni, ni ne mai ƙwanƙwasa ƙasa ranar nan, har cikin shagonsa yana jin ƙarar. Ya ce in na tare ya roƙe ni in duba masa bakin tandarsa, tayil uku sun fashe. Ban ce zan tare ba. Na dai duba masa, aikin rabin yini ne.

Na karɓi makulli wajen mai kula da benen na hau sama ni kaɗai. Falon bai ƙara girma ba. Tayil arba'in da ɗaya ne na wofi, na sa musu alama da alli. Abin haushi, wallahi. Sai da na gama na tuna ba gidana ba ne.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na kira dillali na ce na fasa babban gidan. Ya ce, "Maigida, ɗaki huɗu fa!" Na ce na sani, ni na auna su.

Na faɗa wa Malama da yamma tana dudduba littattafan yara. Na yi mata bayani dalla-dalla: wancan gidan an gama komai, babu abin da hannuna zai yi a ciki, wannan kuwa ba zan iya barci ba ina sane da akwai irin wannan ɓarnar a garin nan. Batun sana'a ne kawai.

Ta ajiye jan biro ta dube ni, idonta ya kawo ruwa amma bakinta na rawar dariya. "To, Allah ya saka wa wanda ya ɓata tayil ɗin da alheri."

Daga baya na ga Auta na yin jirgi da wata takarda mai kyan rubutu. Ban tambaya ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Mun tare. Doguwar kujera ta ƙi hawa matakala, mun juya ta ta kowace fuska, a ƙarshe Yaya ya tafi da ita yana girgiza kai. Matarsa kuwa ta zauna a baranda ta ƙi tashi, ta sauka kantin magani sau biyu ba abin da ta saya, wai tana son ta ga yadda ake yi ne. Ƙasan falo sabo fil, farin tayil mai ɗan ruwan toka, layi kamar an ja da zare. Da asuba ƙamshin burodi ke tashin mu. Hayaniya akwai ta, ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mota ta ƙi tashi, batir ya mutu. Makanike ya tambayi yaushe rabon da in kunna ta, na ce kwana uku. Sha ɗaya ne. Aikin da nake yi yanzu yana kan layin bas, kayan kuma suna can, jakar hannu kawai nake ɗauka. Dalilin ke nan, ba wani abu ba. In na samu aiki mai nisa zan koma motata.

Yau bas ɗaya muka shiga da Malama. Ta sauka a tasha ta huɗu. Ƙafarta na taɓa ƙasa yara suka yo kanta da gudu, wannan ya karɓe jaka, wannan ya kama hannu, wata 'yar mitsitsiya da ba haƙoran gaba tana nuna mata wani abu a littafi. Ta sunkuya tana dubawa, ta manta da ni sam, ko waiwaye. Na juya a kujera ina kallonta ta gilashin baya har muka sha kwana, ina ta murmushi ni kaɗai kamar wani sabon ango.

Na wuce tashata da biyu. Na ce wa mai gidan da nake wa aiki cunkoso ne ya tsare ni.