Ba Yayanka Ne Ya Tona Maka Asiri Ba

Da sunan Allah. Ni mahaifinku na rubuta wannan da hannuna bayan sallar la'asar, ina cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Babba, Nas, Auta, zuwa gare ku.

1. Gida da filin bayansa a raba yadda Allah ya ce. Ba su kai a yi faɗa a kansu ba. Shekara goma sha tara ina shugaban 'yan sandan garin nan, ko lomar wani ban taɓa ci ba. An ce gaskiya dokin ƙarfe ce. Na hau, ta sauke ni a ɗaki mai taga ɗaya, inda nake yin mako ban ji sallamar kowa ba sai ta wanzami.

2. Alƙur'anina mai bangon fata na Nas ne, ita kaɗai ke bugo mini waya. Kaki da hula da lambobin yabo ku mayar ofis. Kada a yi mini fareti. Masu sara mini da safe, tun ranar da na ajiye aiki suke tsallaka titi in sun hango ni.

3. Auta, wannan naka ne, kuma dominsa na ɗauki biro.

A aikinmu, in mutum ya ƙi magana, sai a ce masa wani nasa ya riga ya tona komai. Ba ma kiran wannan ƙarya, dabara muke ce mata. Ranar da aka fasa shagon mai gyaran rediyo kana shekara goma sha takwas. Wani saje a ofishina ne ya gan ka da abokanka a wurin. Na zaunar da kai a kan bencin ofis, ka kafe, sai na ce yayanka ya faɗa mini komai. Nan take ka amsa. Na kulle ka kwana uku, gari ya yi ta yabona.

Babba bai san komai ba. Bai taɓa buɗe baki a kanka ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan ba ka ce masa yaya ba. Ba ka je aurensa ba, 'ya'yanku ba su san juna ba. Sau biyu ya tambaye ni laifin da ya yi maka, na ce ban sani ba. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta roƙe ni har a gadon asibiti in faɗi gaskiya, na ce shugaba ba ya janye magana. Kullum ina sahun farko a masallaci da wannan abu a ƙirjina.

4. Ban ce ku yafe mini ba. Wannan tsakaninku da Allah ne, in kun ƙi ma ban ga laifinku ba. Amma Auta, ka taka da ƙafarka zuwa gidan yayanka. Babba, in ya zo ka ba shi wurin zama, kada ka tambaye shi komai. Tambayoyi sun isa haka a gidan nan. Nas, ke kika gaji haƙurin mahaifiyarku, ki tsaya a kansu.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jinƙanku fiye da yadda na ji ƙanku. Ku riƙe zumunci, kada ya sake tsinkewa.

Ranar da za a kai ni makwanci, kada wani ya shiga ramin sai ku biyu, Babba da Auta, ɗaya ya karɓi kai, ɗaya ƙafa. Ramin ba shi da faɗi. Dole kafaɗunku su haɗu.