Jaridar Jiya

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, aikin koyarwa kuma bai sha kanki ba. Mu ma nan sai godiya.

Kin tambayi jikin Baba. Ƙafa ta yi sauƙi, yana takawa har bakin ƙofa da sandarsa. Abin da ke damuna wasan kalmomin Turancin nan ne na bayan jarida. Kin san shi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara kuskuren mutane a maɗaba'a, bai taɓa cike gidajen nan da fensir ba, sai biro, wai fensir na masu shakka ne. To yanzu sai ya zauna tun karin kumallo har azahar, biro a sama, bai sauka ba. Rannan ana neman kalma mai harafi bakwai, wurin da jiragen ruwa ke fakewa. Ya ce ga ta nan a bakinsa. Ya ɗauko ƙamus ya buɗe, ya manta abin da ya zo nema. Ya rufe a hankali, ya ƙi cin abincin rana.

Ni kuwa Turancina bai wuce abin da ke rubuce a jikin fankokin da nake gyarawa ba. Amma na lura amsar wasan yau a jaridar gobe take fitowa. Sai muka shirya da mai jarida: in karɓi ta yau in ajiye a shago, in kai wa Baba ta jiya. Ba ya duba kwanan wata yanzu. Nakan kwafe amsoshin a damtsena, inda hannun riga ke rufewa. In ya maƙale, sai in yi kamar ina susa, in ce ko da harafi kaza ta fara? Harafi ɗaya kan ishe shi, sauran su zubo. In ya cike gidajen, har ƙari yake nema a abinci.

Ki daure ki leƙo mu. A gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, magani ma ya zo. Allah ya saka. Kin ce sai an yi hutu, na fahimta.

Wani abu ya faru, ban san ko dariya zan yi ba. Makon jiya ana neman sunan ƙaramin tsuntsu mai waƙa yana tashi sama, harafi huɗu, a layin kwance. Na ba shi harafin farko, ya cike, sai ya dafa kaina ya ce Allah ya yi albarka, kai irin wannan ba a sayensa a kasuwa. Yaya, tun da na bar makaranta a aji huɗu nake jiran magana irin wannan daga bakinsa. Kafin in gama jin daɗi sai ya ƙara da cewa, dama tun kina kan cinyata kike riga ni kama kalma, Uwata.

Na ɗauka kuskuren baki ne. Ba shi ba ne. A wurinsa mutum ɗaya ne ya taɓa taya shi wannan wasa, ke ce. Don haka duk wanda ya zauna a kujerar roba ta gefen taga ya san amsa, Uwata ce, ko da gemu. Mai jarida yanzu Malama yake kirana, wai in gaida maigida.

Shekaranjiya ina yanke masa farce ya tambaye ni ina Auta. Ya ce yaron nan yana can cikin wayoyin lantarki, ko leƙo shi ba ya yi, amma kada in ga laifinsa, kan karatu ne Allah bai ba shi ba, hannu kam yana da shi. Na ce zan faɗa masa. Na gama farcen, na share, na fita.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ku gaba ɗaya, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka.

Ranar Talata na gwada wani abu. Na wanke hannuna fes, ban kwafi komai ba. Na shigo da rigar aiki mai baƙin mai, na yi sallama da ƙarfi, na zauna a ƙasa. Ya dube ni ya ce, Auta, sai yau? Ya riƙe hannuna ya jima. Ya sa ni duba fankar ɗakinsa, lafiyarta ƙalau, amma na kwance ta na ɗaure don ya kalla.

Daga nan ya ɗauki jarida. Ya cike biyu ya tsaya. Ya dubi kujera, ya dubi ƙofa, ya tambaya ko Uwata ta yi fushi ne. Da azahar na same shi ya kifa jaridar a fuska, kafaɗunsa na rawa. Ya ce kansa ya zube, saura ƙwarya. Ranar ko shayi bai sha ba. Washegari na sake rubutu a damtse, na koma kujerar roba, ya cinye abincinsa duka.

Likita ya ce abin ba ya komawa baya, gaba yake yi. Zan iya ci gaba a haka, ban gaji ba, kuma ba ƙorafi nake ba. Sai dai ba zan iya zama mu biyu a lokaci ɗaya ba, shi kuma ke ya fi buƙata. Kada ki jira hutu. Ki roƙi shugabarku ko kwana uku ne, ki zo ki zauna a kujerarki ku yi wasanku. Ni kuma in shigo daga shago in yi sallama, tun yana iya cewa Auta ne.

Ina sauraronki.

Ƙaninki,
Auta