Kalangun Baba Bakari da Kuka Ɗaure a Jikin Ƙarfe

Daga:
Shamsiyya Yakubu,
Ɗakin Haɗa Kiɗa na Bakin Kogi,
Unguwar Matsaro, Haɗeja,
Jihar Jigawa.
Litinin, 19 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Rumbun Amo ta Taskace Kayan Kiɗan Gargajiya,
Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN AMON KALANGUN MALAM BAKARI NA TUDUN KABA A MANHAJARKU, DA NEMAN A SAKE NAƊARSA KO A CIRE SUNANSA

Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ma'aikatanka. Allah ya ƙara girma, ya dafa maka a kan nauyin da ke wuyanka.

Ni ce mai sunan da ke sama. Sana'ata haɗa kiɗa da kwamfuta domin wasannin rediyo da finafinai, shekara goma sha ɗaya ke nan. Aikinmu ya dogara ne da manhajar da ake naɗar amon kayan kiɗa a zuba a ciki, ta yadda in na danna madannin fiyano sai abin da aka naɗa ya yi sauti. Manhajojin da muke samu na waje ne. Suna da gogen Turai ɗari, kowane da irin kukansa, amma in kana neman kalangu sai dai ka ari gangar wata ƙasa ka rufe ido. Saboda haka da takardarku ta 8 ga Janairu, 2024 ta iso, kuna neman in haɗa ku da makaɗan ƙasarmu, wallahi na yi murnar da ban taɓa yi a wannan sana'a ba.

Ni na je har Tudun Kaba da ke ƙasar Guri wurin Malam Bakari, makaɗin kalangu mai shekara saba'in da huɗu, wanda muke kira Baba Bakari. Sau biyu yana ƙi, yana cewa shi mutane yake yi wa kiɗa, ba bango ba. A na uku na durƙusa na ba shi kalmata cewa jikokin jikokinsa za su ji hannunsa yadda yake. Darajar abotarsa da mahaifina marigayi ce ta sa ya biyo ni. Ga abin da aka yi da wannan kalma tawa:

1. Ranar Laraba, 14 ga Fabrairu, 2024, ma'aikatanku ƙarƙashin Injiniya Mukhtar suka shigar da shi ɗakin wani masauki a nan Haɗeja. Da ya rataya kalangu ya fara, Injiniya ya tsayar da shi, wai amon yana hawa yana sauka, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Aka zare kalangun daga hammatarsa, aka ɗaure a jikin ƙarfen makirufo, aka ce ya riƙa bugawa daga tsaye. Ranka ya daɗe, hawa da saukar nan su ne kalangu. Makaɗi yana matsa tsarkiyoyin da hannun hagu, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Da haka yake kiran sunan mutum, ya yi masa take, ya zolaye shi. Na faɗi wannan a wurin har sau uku, aka ce in bar wa masu ilimin abin. Na yi shiru don kada in kunyata baƙi, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan shirun nan.

2. An ɗauki bugu ɗaya tak ga kowane madanni. In na danna sau goma, bugun nan ɗaya ne ke dawowa sau goma, kamar injin ban ruwa a gonar alkama. Ba a taɓa yin makaɗin da ya buga fata sau biyu iri ɗaya ba. Babu bugun gefe, babu na tsakiya, babu danne fata da yatsu, babu ɗan shafar da yake yi kafin ya ɗauko take.

3. An kunna na'urar sanyaya ɗaki tun safe. Baba Bakari ya nemi a bar shi ya fitar da kalangun ya sha rana na ɗan lokaci, domin ya ce fatar ba ta cikin hayyacinta, aka ce jadawali bai ba da dama ba. Daga baya kuma aka bi abin da aka naɗa aka share kukan tsarkiya da motsin yatsu da numfashinsa, wai datti ne. Wannan shi ake kira gyaran gangar Auzinawa.

4. An ja kowane bugu an daidaita shi da ma'aunin fiyano, an kuma kafe shi a kan ƙidayar agogon kwamfuta. Kiɗanmu yana jinkirtawa da gangan, ya jira ƙafar mai rawa, sa'an nan ya cim mata. Manhajarku ba ta da wurin da zan ce mata ta jira. Haka aka yi wa goge, aka yanke jan da yake yi daga murya zuwa murya. Algaita kuwa, wadda mai busa ta ba ya yanke numfashi, ta manhajarku tana tsayawa ta yi haki bayan daƙiƙa huɗu.

5. Manhajar ba ta buɗewa sai da intanet, kuma babu kalmar Hausa ko ɗaya a jikinta. Wannan ƙaramin abu ne a kan sauran, na ambata ne don kada a ce ban faɗa ba.

6. Wannan shi ne ya sa na ɗauki biro. Da kuka saki manhajar ranar 7 ga Afrilu, 2025, kun sa hoton dattijon nan a fuskarta, kun rubuta sunansa da na ƙauyensu. Ranar Asabar, 12 ga wata, na ɗauki kwamfuta na hau babur zuwa Tudun Kaba. Ba zan ɓoye ba, na riga na ji abin da ke ciki, amma na ga haƙƙinsa ne ya ji da kunnensa. Mutanen gari suka taru a ƙofar gidansa, masunta suka bar gyaran koma suka zo. Na yi iya ƙoƙarina na haɗa taken Sarkin Ruwansu, wanda ko yaron goye a garin ya sani. Babu wanda ya gane shi. Wani ya tambaya ko kwamfutar ce ta lalace. Baba Bakari ya saurara har ƙarshe, ya nemi in juyo masa da hoton ya duba, ya tambaye ni cikin sanyin murya ko wannan ne abin da na ce jikokinsa za su ji. Na rufe kwamfutar. Matarsa Inna 'Yar'azumi ta kama shi ta shigar da shi gida, kuma ranar ko ruwa ba a ba ni a gidan ba, gidan da nake shiga tun ina ƙarama.

7. Na rubuto wa ofishinku ranar 16 ga Afrilu, aka yi kunnen ƙashi. Na sake ranar 2 ga Mayu, sai Injiniya Mukhtar ya aiko da layi uku, cewa an bi ƙa'idar da duniya ke bi, kuma akwai maɓallin lanƙwasa sauti a jikin fiyano in ina son hawa da sauka. Na gwada shi tun kafin ya faɗa. Abin da ke fitowa kukan akuya ne. Kama da wane ba ta wane. Kuma ina so a rubuta a fayil cewa ban yarda da wata ƙa'idar da za ta ce mai shekara sittin yana kiɗa bai san kalangu ba, baƙon yini ɗaya ya sani.

Bisa haka, cikin ladabi, nake neman waɗannan:

Na farko, a cire suna da hoton Malam Bakari daga manhajar cikin mako guda da samun wannan takarda. Wannan ba roƙo ba ne. Bai yarda ba, ni ma da na kawo shi ban yarda ba.

Na biyu, a turo ma'aikata su sake naɗar, a Tudun Kaba, a fili, da hantsi, kalangu yana hammatarsa, da mutane a gabansa. A ɗauki matsi da sassautawa daga hannunsa, a ba mu madanni guda da za mu ja su da shi. A ɗauki kowane bugu aƙalla sau goma sha biyu. A bar mana zaɓin jin amon kusa ko na nesa, yadda yake isowa daga ƙetaren fadama. A ɗauki take cikakku, kowane da sunan mai shi. A ba mu damar kwance fiyano da agogo daga wuyan kiɗan. Duk abin da Injiniya ya ga datti ne, ya bar shi a wurin, mu za mu zaɓa.

Na uku, a yi wannan kafin Litinin, 30 ga Yuni, 2025. Daga nan ruwa zai cinye hanya, kayanku kuma ba za su shiga kwalekwale ba.

Ranka ya daɗe, akwai dalilin da ya fi hanya. Tun watan Disamba hawan jini ya taɓa masa hannun hagu, hannun matsin. Likita ya ce ƙarfin raguwa zai riƙa yi. Shi da kansa ya auna, ya ce zama ɗaya ya rage masa na kiɗan kirki. Ranar Lahadi, 11 ga wannan wata, aka yi sunan ɗan jikarsa, tattaɓa-kunnensa na fari. Aka kawo masa kalangu har inda yake zaune, ya ƙi karɓa, ya sa aka ɗauko makaɗi daga Guri. Ya aiko mini cewa ajiye zaman yake, domin ya gyara abin da aka jingina masa kafin ya koma ga Allah. Na karɓi saƙon a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna na yi kuka.

In kun zo, ni zan share fili, in ɗauki wayoyinku a kaina. In ba ku zo ba, ranar ɗaya ga Yuli zan shiga kwalekwale in je da makirufona ɗaya da tsohuwar kwamfutata in naɗa, in raba wa duk mai haɗa kiɗa a ƙasar nan kyauta, in sa naku a gefen nawa kowa ya ji da kunnensa. Zaman nan ɗaya ne, kuma ba zan bari ya ƙare a jiran amsarku ba.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri. Girmanka yana nan a idona, kuma ina sa ran adalcinka. Allah ya ja zamaninka.

Taka cikin girmamawa,

Shamsiyya Yakubu
Mai haɗa kiɗa, Haɗeja.