Kalmar da Likita ya Faɗa

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki.

Shekara biyu da rabuwarmu, na san ba ni da bakin rubuto miki. Kin tuna ranar da muka je asibiti kan rashin haihuwa? Likitan ba ya jin Hausa, ke kika yi mana tafinta. A duk Turancinsa kalma ɗaya na kama, wadda ke jikin fakitin irin shuka da nake sayarwa. Na tambaye ki, kika ce wani ƙari ne kamar ƙwayar iri a mahaifarki.

Jiya na ga wani likita. Ya ce matsalar tawa ce, tun asali. Don Allah ki faɗa mini gaskiya.

Tsohon mijinki,
Mai-iri

Malam,

Wa'alaikumus salam. Ina gajiya, ya kasuwa?

Kalmar tana da ma'ana da yawa, haka nake koya wa yara. Irin shuka ce. Mafarin abu ce, kamar mafarin zargi a zuci. Har gwanin ɗan wasa da aka ware a gasa da ita suke kiransa. Tana kuma nufin abin da namiji ke haihuwa da shi. Wannan ma'anar ce likitan yake nufi.

Na dube ka a kan bencin nan, hularka a gwiwa, kai da duk kasuwa ke kira Mai-iri. Sai na zaɓi wata ma'anar. Na zaci zan iya ɗaukar laifin. Shekara bakwai Inna, mahaifiyarka, tana kirana juya, kana kallon ƙasa. Ranar da ta sa ka rubuta takardata na buɗe baki zan faɗi gaskiyar, sai na ga faɗarta a lokacin ramuwa ce. Na karɓi takardar na tafi.

Ka huta lafiya,
Malama

Malama,

Salam. A shago na karanta, na kasa sallamar masu saye, na rufe. Na gaya wa Inna komai. Kwana biyu ke nan ba ta sa komai a bakinta ba. Ɗakinki yana nan, ko labulen ban cire ba. Saki ɗaya ne. Ki dawo, ko da ba za ki ƙara yi mini magana ba.

Mai neman gafararki

Malam,

Wa'alaikas salam. Na yafe maka, duniya da lahira.

An sa ranar aurena ƙarshen watan nan. Wanda zan aura matarsa ce ta rasu, ta bar masa 'ya'ya uku, ƙaramar har ta fara ce mini Umma. Kada ka sake rubutowa.

Ka ce wa Inna ta ci abinci.

Wassalam.