Irin Ƙwayata Na Gani a Mashin Ɗin Maigidana

Assalamu alaikum 'yan majalisa, Allah ya ƙara haɗa kanmu. Admin ka ɓoye sunana da adireshina saboda Allah. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya min a wuya, kuma duk wanda zan iya faɗa wa a garinmu ya san maigidana.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ina shigowa birni karatu ƙarshen mako, daga kafen intanet nake rubuto muku. Maigidana manomin rani ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa idan an saki ruwan kanal. Mun doshi shekara bakwai da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Gaskiya ba shi da mugun hali, bai taɓa goranta min ba, idan 'yan uwansa suka fara habaici ma shi yake tashi ya bar musu wurin. Bara waccan da kansa ya ce mu je asibiti a birni. Aka ɗebi jinina, aka yi min sikanin, shi ma aka ba shi 'yar kwalba aka tura shi wani ɗaki, aka ce mu dawo. Ranar komawar ta faɗo muna jarabawa a makaranta, ya ce in yi zamana zai karɓo mana. Da ya dawo ya ce likita ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ni ce ƙwaina ba ya nuna da wuri, ga ƙwayar homon an ba ni, in riƙa sha na 'yan kwanaki duk wata idan jinina ya zo. Na yi kukana na share hawaye na karɓa, ban ce ya nuna min komai ba, don wa zai zargi mijinsa a kan irin wannan?

Tun daga lokacin nake sha, shi yake sayowa, shi yake ɓallowa ya miƙo min da kofin ruwa ya tsaya har in haɗiye. Ni kuwa ƙwayar nan tana wahalar da ni, zafi ya taso min daga ƙirji zuwa fuska ko da sanyi ake, marata ta kumbura, in yi ta faɗa da yara a aji ba dalili, wani lokaci ina rubutu a allo sai in ga walƙiya-walƙiya a idona. Idan na faɗa masa sai ya ce alamar magani yana aiki ne. Inna mahaifiyarsa kuwa, baiwar Allah, duk gidan suna ko biki sai ta ce a saka ni a addu'a, yarinyar nan tana kan magani. Da kyakkyawar niyya take yi, amma yanzu kaf garin an san ni ce mai matsalar.

To abin da ya fara tsaya min a rai, sai na lura wasu ranaku idan ya dawo daga Bunkure ba ya iya zama sosai a tabarma, sai ya karkace. Na ga tabon allura a jikinsa, na tambaya ya ce taifot ne saboda ruwan kanal da yake sha a gona. Taifot ɗin da ba zazzaɓi, ba rama, tuwonsa yake ci ya ƙara, kuma wata da watanni ana allura? Sai kwanakin baya ina neman filaya in ja lagwanin risho, yana wanka, na buɗe ɗan akwatin gefen mashin ɗinsa inda yake ajiye sifana. A cikin baƙar leda na ga ƙwaya, irin tawa sak, suna ɗaya kala ɗaya, an ɓalle fiye da rabi, alhali tawa ta watan tana cikin kwano a ɗaki ba a taɓa ba. Na mayar yadda na gani.

Da na shigo birni na biya wajen wata yayata, 'yar wan babana, nas ce. Na tambaye ta kamar a hira ko ana ba maza ƙwayar nan, ta ce ƙwarai, ana ba namijin da maniyyinsa ya yi rauni, wani ma har da allura ake haɗa masa. Sai ta kalle ni ta ce, “Ke wane likita ne yake duba ki? Yaushe rabonki da sikanin?” Na ce tun na farko. Wallahi sai da ta ajiye cokalin hannunta. Ta ce mace ba ta shan wannan wata bayan wata har fiye da shekara ba likita a kanta, kuma wannan walƙiyar da nake gani a ido dalili ne na a daina nan take. Ta ce in zo ta kai ni a duba ni. Ban faɗa mata abin da na gani a mashin ba, don idan ta ji Baba ya ji, idan Baba ya ji kuwa an gama.

Tun ranar nake lissafin abin a raina. Ko dai an rubuta mana mu biyu ne kunya ta hana shi faɗar nasa, ko kuma ni lafiyata ƙalau tun farko, nasa maganin yake raba min don a riƙa ganin ni ce nake sha. Har tunanin ko wata mace yake saya wa na yi, amma tabon allurar a jikinsa yake. Na gwada shi da dabara na ce mu koma wurin likitan tare, ya ce an canza wa likitan wurin aiki. Na ce to mu ga wani, ya hau faɗa wai ban yarda da shi ba, wai 'yan boko ne suke zuga ni, ya fice ko abinci bai ci ba. Da ya huce na ce to yayata za ta raka ni. Wannan karon bai yi faɗa ba, ya sunkuyar da kai ya ce, “Ki yi haƙuri a gama kwasar tumatir, zan kai ki da kaina.” Idonsa ya yi ja. An gama tumatir, an kwashe albasa, yanzu ana maganar irin shinkafa, bai sake tayar da zancen ba.

Ni fa ba neman tona masa asiri nake ba. Idan shi ne, wallahi zan zauna da shi mu nemi maganin tare, haihuwa ta Allah ce. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a ce yana kallo ana nuna ni da baki, yana kallo ina dafe ido a tsakar gida, kuma da hannunsa yake ba ni. In kuma zargina ba gaskiya ba ne, na ɗauki alhakin mutumin da bai taɓa ɗaga min hannu ba.

Jiya jinina ya zo, ke nan gobe ko jibi zai shigo da kofin ruwa ya tsaya a kaina. In karɓa in ɓoye a ƙarƙashin harshe, in je asibitin ba da saninsa ba? Ko in kalle shi in ce na buɗe akwatin mashin? Musamman maza 'yan majalisa, ku faɗa min tsakani da Allah, idan ɗayanku ne, ta yaya matarsa za ta yi masa wannan tambayar ya iya amsawa, kuma washegari ya iya haɗa ido da ita?