Illa ya dawo da galo uku

Talata da dare, Buza

Illa ya zo ƙauyenmu Allakaye yau gaida tsofaffi, galo uku na muƙamin soja a kafaɗa, direba yana jiransa a mota. Tare muka yi konkur, jarrabawar shiga makarantar hafsoshin soja. Na wuce shi a rubutu, na wuce shi a gudu. Takardar haihuwa ce ta fitar da ni: Baba ya ƙara mini shekara biyu tun ina ƙarami don a karɓe ni lakwal, makarantar boko, da wuri, sai ga shi na haura shekarun da aka ƙayyade. Illa kuwa da ƙyar sunansa ya shiga, can ƙasan jeri.

Na tambaye shi, da muryar aikina na jarida, ko makin shiga yana nuna wanda zai kai ƙarshe.

Ya ce, "Wane maki, ɗan boko? Wanda ya zo na hwarko cikinmu ko damina bai kai ba ya kwashe kayanai. Kai ma da ka tahi, tashin asuba kaɗai ya ishe ka."

Na yi dariya daidai gwargwado. Wataƙila gaskiyarsa ce. Amma shi an bar shi ya gwada, ni kuwa ba zan taɓa sani ba.

Da zai tafi ya ce in rubuta labarinsa a jarida, ko yaranmu za su yi sha'awar aikin. Na amsa. Takardar tana gabana tun magariba. Sunansa na rubuta, hannuna ya ƙi sa muƙamin.