Asabe Ba Ta Gani Bayan Magariba

Allah gafarta Malam Inusa, ka taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a rai. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Kwaya, ƙasar Magarya. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Maƙwabcina Maina, wanda ya yi sojan Faransa ya dawo, shi ke karanta mana jaridarku in fatake sun kawo ta, shi ne kuma ke rubuta wannan da bakina.

Ba zan yi wa Allah butulci ba, bana mun samu. Gero ya cika rumbu, gyaɗa ta yi kyau, har na kai wa masu awo na sayo wa iyali atamfa. Muna da shanun tatsa. Matata Asabe ta haifi 'yan biyu da damina, suna nan ɓul-ɓul. Mace ce da ba ta zama. Ita ce tatsa, ita ce kaɗa nono, ita ce kai man shanu kasuwar Bande, ko ɗigo ba ta bari a gida, wai tana son saya wa yara akuya. In na sayo nama sai ta raba wa kowa, ita ta suɗe tukunya ta ce ta ƙoshi.

To, tun bayan girbi na lura tana gama tuwo tun la'asar. Na ɗauka himma ce. Ran nan da magariba na shigo gida na tarar tana goye da ɗaya, tana laluben ɗayan bisa tabarma, ga shi kuwa dab da ƙafarta yana wasa. Da ta miƙe sai ta yi karo da turmi har ƙaurinta ya fashe. Na matsa mata da tambaya, sai ta yi dariya, ta ce ai an daɗe, da rana ko allura ta faɗi tana tsinta, amma rana na faɗuwa sai ka ce an kifa mata ƙwarya. Wai ta ɓoye ne kar in damu. Malam, dariyar nan tata ce ta hana ni sukuni, don mahaifina da makanta ya rasu, ni na ja masa sanda.

Iya, mahaifiyata, tana son Asabe kamar 'yar cikinta. Ta ce dundumi ne, a zamaninsu hanta ake gasa wa mai shi. Sai dai ta dage a kai ta wurin wani mai magani da ke shimfiɗa a kasuwa, yana ɗiga wani baƙin ruwa mai zafi a ido. Maina ya ce likita ta Magarya za mu, wato asibiti, Iya kuwa ta rantse Nasara ƙwaƙule ido suke yi. Ba na son saɓa wa uwa, ba na kuma son Asabe ta rasa idonta. Wanne zan bi?

Naka, Mijin Uwar 'Yan Biyu.

Mijin Uwar 'Yan Biyu, barka da arziki, Allah ya raya su. Ka kwantar da hankalinka. Ban ga idon Asabe ba, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da dundumi, shi kuwa galibi ƙarancin wasu abinci ke kawo shi, kuma yana warkewa in an tare shi da wuri. Kai da kanka ka faɗi dalili: mace tana shayar da biyu, man shanunta duk yana kasuwa, namanta yana cikin cikin wasu.

Iya ta yi gaskiya a kan hanta. Ka sayo mata, ta akuya ko ta tunkiya, ko sau ɗaya a mako, ka zauna nan sai ta cinye, in ba haka ba ka san inda za ta tafi. A ɗebi man gida kafin a ɗauki na kasuwa. Ta sha nono, ta ci ƙwai, a yawaita zogale da rama da kabewa a miya, da gwanda da mangwaro in lokacinsu ya zo. Akuyar yara ta jira.

Baƙin ruwan nan kuwa, kada ka yarda ko ɗigo. Ido ba ya son abin da ke ƙuna, na san waɗanda suka je da ɗan ƙaiƙayi suka dawo da hakiya. Amma kada ka yi jayayya da Iya. Ka ce mata maganinta na hanta za a fara, ka ba ta ita ta gasa da hannunta. Tsoronta ƙauna ce. Ranar zuwa Magarya ku tafi tare da ita, ta ga lokotoro, wato dakta, yana duba idon mutane ba ya cire na kowa, Maina kuma ya yi muku tafinta. Ku je cikin kwanakin nan, a duba har jariran, tunda daga jikin Asabe suke ci. In kuwa idon ya yi ja, ko ciwo, ko wani fari ya fito, to a ranar za ku tashi.

Makantar mahaifinka mai yiwuwa wata cuta ce daban, amma ka tsare gidanka. A wanke wa yara fuska da ruwa mai tsabta safe da yamma, kada a bar ƙuda na zama musu a ido. Kowace mace da maɗigin kwallinta, kowa da tsumman goge fuskarsa. A yi girki inda hayaƙi ke fita. In ƙaiƙayi ya faɗa ido wurin shiƙa, a wanke da ruwa, ban da murzawa.

Kafin Asabe ta warware, ka riƙa dawowa gida kafin faɗuwar rana, ka kunna fitila, ka karɓi ɗaya daga cikin yaran, kada ta kusanci murhu ko rijiya da duhu. Kuma kada ka yi mata faɗan ɓoyewa. Ka gaya mata dai daga yau kasonta za a fara cirewa.

Allah ya ba Asabe lafiya, ya bar ku tare. Ka gaida mini Iya da kyau.

Malam Inusa.